Kafson dala ashirin da bashin da ya bar mana

Bara da kaka aka yi wa yayata aikin haihuwa. Yarinya ta zo lafiya, aka yi suna, aka watse. Kwana biyu bayan suna sai ɗinkin ya fara ruwa, jiki ya ɗau zafi. Muka maida ta likita. Aka sa mata seftiriyakson, allurar nan da yanzu ko ɗan kabu-kabu ya san sunanta. Kwana biyar ana yi, masassara ba ta ko motsa ba. Wata tsohuwa da ke jinyar ɗiyarta a gadon kusa da namu ta dube mu ta ce: "Ai jikinta ne ya saba da magani." Kowa ya gyaɗa kai, har ni da na share shekara biyar a jami'a.

Rana ta shida wani matashin likita ya ce a ɗebi ruwan ciwon a kai labo. Muka biya, muka jira kwana uku. Hoton takardar da ta fito yana cikin wayata har yau. A sama an rubuta sunan ƙwayar cutar, Klebsiella. A ƙasa jerin magunguna takwas, kowane da harafi ɗaya a gabansa. Amoksisilin: R. Seftiriyakson: R. Siprofuloksasin: R. Kotirimoksazol: R. Haka har shida. Biyu kawai ke da S. Likitan ya ce mini: "R, ƙwayar ta fi ƙarfin maganin. S, har yanzu yana kama ta." Wanda ya zaɓa cikin biyun babu shi a farmasi ko ɗaya a garinmu, sai daga Yamai aka aiko mana shi ta motar safe. Mijin Yaya ya saida motonsa. Ta kwana ashirin da shida a gado, ta fito da ƙafafunta, alhamdu lillahi.

Ɗiyar tsohuwar nan kuwa, su ba su da kuɗin labo. Da kuɗin allura ya ƙare suka ɗauke ta suka koma ƙauye. Bayan sati biyu muka ji rasuwarta. Babu takardar da ta rubuta abin da ya kashe ta, kuma ba ta shiga lissafin kowa ba.

Maganar tsohuwar nan ce ta sa ni wanga rubutu. Kuskure ce, kuma kuskuren yana cin rayuka. Yayata mace ce da ko farasetamol sai an lallaɓa ta take sha. Yaushe jikinta ya saba da maganin da ba a taɓa yi mata ba? Jiki ba ya sabawa da antibiyotik. Ƙwayar cutar ce ke koyon kare kanta, kuma a cikin jikin wasu ta koya kafin ta iso ga Yaya. Wani abokina tun lise, wanda ke aikin labo, shi ya zaunar da ni a fada ya zana mini abin a ƙasa da tsinke. Zan ba ku shi yadda na fahimce shi, don wanda bai san yadda maganin ke aiki ba, ba zai gane yadda ake kashe shi ba.

Bakteriya halitta ce mai rai, ƙwaya ɗaya tal, sai ka jera ɗaruruwa kafin su cika milimita guda. Cikinta ruwa ne mai kauri, kuma kullum ruwan waje turowa yake yi zai shiga. Ka ɗauka salka ce da ta cika fal, ana ta ɗura mata. Abin da ke hana ta fashewa wata raga ce da ta lulluɓe ta gaba ɗaya, masana na ce mata peptidogilikan. Dogayen zarurruka ne a jere, an ƙulle kowane da na kusa da shi da gajerun igiyoyi, kamar yadda ake ɗaure dangar kara. In babu ƙullin nan, zaren banza ne.

To amma bakteriya tana girma, tana rabuwa biyu, wata ma kowane minti ashirin in ta samu wuri. Ba ta da damar tuɓe ragar ta saƙa sabuwa, don nan take za ta fashe. Saboda haka tana da ma'aikata iri biyu, waɗanda ake kira anzim. Akwai masu yanka, su buɗe ɗan wuri a jikin ragar. Akwai masu ƙulli, su sa sabon zare su ɗaure shi. Yanka da ƙulli, dare da rana, kuma dole su tafi daidai. Masu ƙullin nan ana ce musu PBP, wato furotin ɗin da penisilin ke kamawa.

Ga dabarar penisilin. A tsakiyarsa akwai wani ɗan zobe mai kusurwa huɗu, sunansa beta-laktam, a ɗane yake kamar tarko. Siffarsa ta yi kama da bakin igiyar da mai ƙulli ya saba kamawa. Mai ƙulli ya kai hannu yana zaton igiya ce, zoben ya ɓalle ya manne masa, ba ya saki. Haka ɗaya bayan ɗaya har masu ƙulli su ƙare. Su kuwa masu yanka ba wanda ya ce su tsaya. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A nan ruwa ne ke shiga, bakteriya ta kumbura ta fashe. Ampisilin, amoksisilin, seftiriyakson, imipenem, duk ƴan gida ɗaya ne, duk da zoben nan suke aiki.

Abu biyu ke fitowa daga nan, ku riƙe su. Na farko, ƙwayoyin jikin mutum ba su da irin wagga raga, shi ya sa maganin ke kashe cuta ya bar mai cutar. Na biyu, birus ɗin da ke kawo mura shi ma ba shi da ita. Ƙwayar masassarar cizon sauro ma haka. In ka sha Amoksi don mura, babu abin da zai kama a jikin mura. Amma ba zai fita haka nan ba. Zai bi ta hanjinka, inda biliyoyin bakteriya ke zaune lafiya da kai, ya kashe masu rauni, ya bar wa masu tauri fili su hayayyafa. Murarka ta tafi da kanta bayan kwana biyar, ka ce maganin ya yi aiki. Aiki ya yi, amma ba naka ba.

Yaya masu taurin suke kare kansu? Hanya mafi yawa ita ce almakashi. Bakteriya ta ƙera wani anzim, beta-laktamaz, wanda aikinsa kawai ya datse zoben tun kafin ya isa ga mai ƙulli. Zobe in ya buɗe, magani ya zama gari. Wannan ba sabon abu ba ne. Alexander Fleming ya gano penisilin a Landan a 1928. A 1940, tun ba a fara raba shi a asibitoci ba, Edward Abraham da Ernst Chain na Oxford suka bayyana anzim ɗin da ke lalata shi. Daga nan aka shiga tsere. Masana su ƙera zobe mai sulke, kamar seftiriyakson, bakteriya ta fito da almakashi mai faɗin baki, wanda takardun labo ɗinmu ke rubutawa BLSE. Augmentin da kuke ji yana da tsada, amoksisilin ne aka haɗa da wani sinadari da ke cushe bakin almakashin, kuma akwai almakasan da ba su san yana yi ba. Aka koma ga dangin imipenem, makamin ƙarshe-ƙarshe. A 2008 aka samu wani almakashi mai suna NDM-1 a jikin wani majinyaci a Suwidin da aka taɓa kwantarwa a Indiya, yana datse har su. Cikin ƴan shekaru ya zaga duniya.

Hanya ta biyu ita ce canza mai ƙulli. Akwai stafilokok, mai kawo maruru da ruɓewar ciwo. An fito da metisilin takanas don almakashinsa, ba a yi shekara biyu ba, a 1961, aka ga wani irinsa a Ingila da ya ɗauko sabon ma'aikaci, PBP2a, wanda hannunsa ba ya karɓar zoben. Magani ya kama tsofaffin ma'aikata, wannan ya ci gaba da ƙulli shi kaɗai. Ƙwayar da ke kawo ciwon huhun yara, numokok, ita kuma gyara hannun nata ma'aikatan ta yi da guntayen gado da ta aro wurin danginta. Akwai kuma masu rage ƙofofin da magani ke shigowa, da masu famfo da ke tofar da shi waje.

Amma abin da ya fi tada mini hankali shi ne wannan. Umarnin ƙera almakashi yana rubuce ne a kan wani ɗan zoben gado da ake kira plasmid, kuma bakteriya na tura wa juna shi kamar yadda muke tura waƙa ta Xender, ba sai uwa ta haifa ba, ba sai dangi ɗaya ba. Wata mara cutarwa a hanjinka ta tura wa mai kisa. Kuma sau da yawa plasmid ɗaya na ɗauke da umarni iri-iri, na wannan magani da na wancan da na wancan. Abin da ya sa R shida suka jeru a takardar Yaya ke nan. Ma'ana, kotirimoksazol ɗin da wani ya sha don ciwon ciki na iya raya ƙwayar da seftiriyakson ba zai kama ba. Daga nan sai ta fita: ta bayan gida, ta ruwan kwata, ta ƙuda, ta hannun da ba a wanke ba, ta gadon asibiti. An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Ban da nan. A nan wani ke jan ruwan, ya doki mai jego da jariri.

Fleming kansa ya yi kashedi a jawabinsa na karɓar lambar Nobel a 1945, cewa ranar da kowa zai iya sayen penisilin a kanti, mutane za su riƙa shan wanda bai kai ba, su koya wa ƙwayoyin jure shi. Kamar yana kallon tashar motar Maraɗi yake magana.

Wani zai ce wannan matsalar Turawa ce, mu yunwa da masassara sun ishe mu. A 2022 mujallar Lancet ta fitar da lissafin duniya na shekarar 2019: mutum miliyan 1.27 ne suka mutu kai tsaye saboda bakteriyar da ta bijire wa magani, fiye da waɗanda sida ta kashe a shekarar, fiye da na masassarar cizon sauro. Yankin da ya fi ko'ina yawan mace-macen, in an auna da yawan jama'a, shi ne Afirka ta Yamma, sama da mutum 27 cikin kowane 100,000. Mu ne a sahun gaba.

Ba sai mun je nesa ba. A wata cibiyar jinyar yara masu tamowa a Maraɗi an yi bincike, aka buga shi a 2011. Cikin yara 55, 17 sun iso tun daga gida ɗauke da bakteriya mai BLSE a hanjinsu. Cikin 16 da suka zo babu ita kuma aka sake auna su lokacin sallama, 15 sun fita da ita. Sama da shekara goma ke nan. A Madarunfa kuma an gwada kan yara kusan 2,400 masu tamowar da ba ta rikice ba, wasu aka ba su amoksisilin, wasu ba a ba su ba. Sakamakon da aka buga a 2016 ya nuna maganin bai ƙara yawan waɗanda suka murmure daga tamowar ba, ko da yake ya rage waɗanda sai da aka kwantar. Wani bincike kan yaran nan ya nuna masu shan maganin sun fi ɗaukar bakteriya mai BLSE. A ƙasarmu aka yi, da ƴaƴanmu aka yi, duniya ta karanta. Mu nawa muka taɓa jin labarin?

Yanzu bari in zo inda nake da faɗa. Kowace shekara daga 18 zuwa 24 ga Nuwamba akwai makon faɗakarwa na duniya kan wagga matsala. A kama ɗaki a otal, a buga riguna, a rataya kyalle, a raba perdiyem, a tashi da magana ɗaya: jahilcin mutane ne, a wayar musu da kai. Ni ban yarda ba. Ɗauki matar da ɗanta ya kwana da zafin jiki a ƙauye. CSI na da nisan tafiyar amalanke ta rabin yini. In ta isa, wataƙila majo ya ce magani ya ƙare, ga odonansi, a je gari. Ga kuma yaro a ƙofar gida da roba a ka, zai ba ta kafso biyu a dala ashirin, har bashi yana bayarwa. Wagga mata ba jahila ba ce. Lissafi ta yi, kuma da kai ne a matsayinta irinsa za ka yi. Wanda ya bar ta da wannan zaɓin shi ya kamata a tambaya.

Shi ma yaron mai roba, shi ne ƙarshen igiya. Ba shi da tirela, ba shi da sito. Katan-katan ɗin nan ba daga sama suke faɗowa ba. Suna ƙetare iyaka, su wuce shingaye, su kwana a manyan shaguna a tsakiyar kasuwa, kowa ya san layin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2017 kusan ɗaya cikin goma na magungunan da ke yawo a ƙasashe irin namu jabu ne ko marasa inganci, kuma antibiyotik da maganin masassara ne kan gaba. Kafson da ya sha ranar Afrilu a kan tire, ko wanda aka zuba masa rabin sinadari tun daga masana'anta, bai isa ya kashe ba, ya isa ya horar. Kuma mu ba baƙin wagga masifa ba ne. A annobar sanƙarau ta 1995, dubban ƴan Nijar aka yi wa rigakafin jabu. In ana son kama ɓarawon, a fara daga mai sito.

Sai mu, masu boko, masu waya a hannu. Wallahi mun fi matar ƙauye laifi, don mu muna da zaɓi. Mu ne ke shiga farmasi mu ce "ba ni Amoksi plaket ɗaya" kamar muna sayen kati. Mu sha kwana biyu, mu ji dama, mu aje sauran don ƙane. Akwai mai haɗiyar kafso biyu bayan ya kwana inda bai kamata ba, wai rigakafi. Akwai mai sha duk bayan al'ada, wai maganin sanyi. Akwai mai fasa kafso ya barbaɗa a ciwo. In likita ya duba mu ya ce mura ce, a sha ruwa a huta, sai mu fito muna cewa bai iya aiki ba, mu nemi wanda zai yi mana allura. Ni kaina na yi. Shekarar da nake rubuta kundina na ƙarshe, duk tarin da ya kama ni da Amoksi nake bin sa. Da na ga takardar Yaya sai da na tambayi kaina ko ina da hannu.

Masu farar riga ma ba zan tsallake su ba. Wa bai san "palu da tifoyid" ba? Ka je da zafin jiki, a yi maka gwajin Widal, wanda masana suka daɗe da sanin yana yawan nuna cutar inda babu ita, a ɗaura maka ƙarin ruwa, a zuba seftiriyakson kwana uku. A wasu ɗakunan shan magani masu zaman kansu, allurar ita ce ribar. Wannan cin amana ne. Amma in za a yi adalci, likitan da ke gaban yaro mai suma, babu labo, babu yadda zai san wace ƙwaya ce, dole ya harba cikin duhu da babbar bindiga. Wanda ya hana shi fitila ya fi shi laifi. Auna ƙwaya a gano maganin da ke kama ta ba sihiri ba ne, fasaha ce da ta girmi iyayenmu. Mi ya sa har yau sai a manyan birane, kuma sai mai kuɗi?

Haka ruwa da sabulu. Ɗakin haihuwar da ake aiko ƴan jinya su sayo ruwa a bidon, ungozoma ɗaya kan mata biyar, safar hannu sai ka saya, nan ne bakteriya ke cin kasuwarta. Tun 2006 aka ce jinyar yara ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta ce, haka aikin haihuwa. Manufa ce mai kyau. Amma an yi shekaru cibiyoyi na jiran a biya su kuɗin da suka kashe, kantocinsu suka bushe, uwaye suka koma ga mai roba. Kyautar da babu magani a cikinta, mai tallar kafso take yi wa kasuwa.

Kar mu manta da dabbobi. Ragon layya da ake ɗirka wa allura don ya yi ƙiba, kajin gona da ake zuba wa garin magani a ruwan sha tun suna tsaki, saniyar da aka yi wa oksitetirasikilin da safe aka tatsa da yamma. Bakteriyar hanjin kaza da ta hanjinka ba su san bambanci ba, suna tura wa juna plasmid.

In kuma kana jiran Turawa su ƙero sabo, daina jira. Yawancin manyan kamfanonin magani sun janye daga neman sababbin antibiyotik, don maganin da za a sha kwana bakwai a warke ba ya kawo riba kamar na hawan jini da ake sha har mutuwa. Wani kamfanin Amurka, Achaogen, ya samu izinin saida sabon antibiyotik a 2018, ya karye a 2019. Ko an samu sabon, mu ne na ƙarshen gani, da tsadar da ko an saida moto ba za ta biya ba. Waɗanda ke hannunmu su ne dukiyarmu.

Na san abin da za a ce mini: in ka kori masu talla, ƙauye ya zauna babu komai, yara su mutu. Gaskiya ne, kuma ba zan kauce mata ba. A ƙasar nan rashin antibiyotik ma yana kisa. A jihar Doso an gwada ba yara ƙanana azitiromisin sau biyu a shekara, sakamakon 2018 ya nuna mace-macensu ya ragu da kusan kashi 18 cikin ɗari. Wannan ya nuna yara nawa ke mutuwa da cutar da magani mai araha zai iya tarewa. Binciken nan kuma ya nuna ƙwayoyin da ke jure irin maganin sun ƙaru a wuraren. Duka biyun gaskiya ne. Saboda haka ni ba ina kiran a saki ƴan sanda su bi yara masu roba da kulki ba ne. Ina cewa maganin kirki ya riga na jabu isa ƙauye, a hannun wanda aka koya wa ƙirga numfashin yaro ya bambance ciwon huhu da mura. Ranar da uwa ta tabbata akwai amoksisilin na gaske a kaz de santen garinsu, mai roba zai nemi wata sana'a da kansa.

Ga abin da ya kamata mu tsaya a kai, mu tambayi duk mai riƙe da kujera, daga magajin gari har minista. Kowane asibitin gunduma ya samu labo mai auna ƙwaya, a farashin da talaka zai iya. Kowane ɗakin haihuwa ya samu famfo mai ruwa da sabulu kafin a sake sayen motar ofis. A bi manyan masu shigo da magani ta bayan fage, a faɗi sakamakon shari'arsu a rediyo. Labo-labon da muke da su su riƙa fitar da alƙaluma duk shekara, da Hausa da Zabarmanci, mu san wane magani ne ya mutu a Damagaram, wane ne ke da sauran rai a Tawa. Abin da ba a ƙirga ba, ba a yi masa kasafi.

Namu kuma ba ya buƙatar izinin kowa. Kar ka sha antibiyotik sai wanda ya san aikin ya duba ka ya rubuta. In ya rubuta, tambaye shi: bakteriya ce? Kwana nawa? Sau nawa a yini? Sa'an nan ka sha yadda ya ce, a kan lokaci, don zoben nan sai yana nan a jini koyaushe yake samun masu ƙulli. Kar ka ba wani ragowar naka. In ciwo ya ƙi jin magani, ka nemi a auna kafin a canza wani. Ka kai ƙannenka rigakafi, don cutar da ba ta kama yaro ba ba ta buƙatar kafso. In a fadarku wani ya fiddo plaket don mura, ka yi masa magana ko zai ji haushi. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Ɗiyar Yaya ta fara tafiya watan jiya. Rani na tafe, da iskarsa da ƙurarsa, kuma mun san abin da yake zuwa da shi. A 2015 sanƙarau ya kama sama da mutum 8,000 a ƙasar nan, ya kashe sama da 500, Yamai ta fi ko'ina jin jiki. Maganin da ya tsamo sauran shi ne seftiriyakson, wannan dai da muke zubarwa a kan mura da tifoyid ɗin ƙarya. Har yanzu yana kama ƙwayar sanƙarau. A kan Klebsiellar uwarta ya riga ya faɗi. In wata rana yarinyar nan ta tashi da zafin jiki da sanƙarewar wuya, ina son takardarta ta fito da S. Ba ni kaɗai zan iya sama mata wannan ba, sai da kai da ke, da abin da za ku yi da plaket ɗin da ke cikin aljihunku yau.